Kwamfuta ta rage mana aiki ne ko ta ƙara? Yanda ake aunawa

Wata sista ce ta turo wannan tambayar, na ɗan taƙaita ta: "Wata bakwai kenan da aka ɗauke mana folda aka koma rubuta komai a kwamfuta. Shugabanni na cewa aiki ya yi sauri, mu da ke wod kuma muna ganin sai ma ƙaruwa da ya yi. Yanzu an ce ni zan haɗa rahoto kan yanda sistem ɗin ya shafi aikinmu na kullum. Ta ina zan fara, kuma me zan auna?"

Toh Sista, sannu da aiki. Abu na farko da zan faɗa miki, zai iya yiwuwa ku duka gaskiya kuke faɗa, ku da shugabannin naku. Su abin da suke kallo shi ne minti nawa ake yi daga lokacin da likita ya rubuta magani zuwa lokacin da 'yan famasi suka gani, wannan kam ya ragu babu ja, da sai an samu mai ɗaukar takarda ya taka har can, yanzu kafin ki ƙifta ido ya isa. Ku kuma abin da kuke ji a jikinku shi ne tsayuwar nan gaban allo bayan an tashi duti, kowa na son ya tafi gida amma akwai rubutun da ba a shigar ba. Na daɗe ina wannan aikin na awo, kuma abin da na fi gani shi ne idan aka kawo kwamfuta aiki ba kasafai yake ɓacewa ba, ƙaura yake yi. Ya tashi daga kan akawu ya koma kan likita, ko ya tashi daga rana ya koma dare, wani lokacin ma ya koma aljihun nas a 'yar guntuwar takarda. In rahotonki bai nuna inda aikin ya koma ba da wanda ya faɗa wa, rabi kika auna.

Kar ki ce zaki auna "aikin asibiti" gaba ɗaya, ba zaki gama ba. Ki ɗauki biyu ko uku da ake yi kullum kuma kowa ya san farkonsu da ƙarshensu, misali rabon maganin safe, karɓar sabon mara lafiya a wod, da miƙa duti. Sai ki zana kowanne a takarda mataki-mataki, amma yanda ake yinsa da gaske fa, ba yanda littafin horo ya ce ba. Wannan zanen kaɗai sau da yawa yakan buɗe idon mutane tun kafin a taɓa agogo.

Daga nan sai bin mutane da ido, wanda shi ne tsohuwar hanya kuma har yau ban ga abin da ya maye gurbinta ba. Mutum ɗaya ya bi nas ko likita a baya da agogo, duk abin da ya fara a rubuta lokacin, in ya bari ya koma wani a rubuta. Da wannan hanyar Christine Sinsky da abokan aikinta suka bi likitoci 57 a Amurka na tsawon awa 430, suka buga sakamakon a 2016, inda suka ga kashi 27 cikin 100 kacal na ranar aiki likita ke yi ido da ido da mara lafiya, kashi 49 kuma yana kan kwamfuta da aikin tebur. Wato kusan awa biyu na rubutu kan kowace awa ɗaya ta ganin mara lafiya. Ba wai ina cewa naku haka zai fito ba, asibitocin da suka auna na je-ka-ka-dawo ne, ba wod ba, na kawo shi ne don ki ga irin amsar da wannan hanyar ke bayarwa.

Amma a nan gizo ke saƙa, don bin mutum da agogo ya fi yanda ake zato wuya. Nas tana tsaye tana shigar da awon jini a kwamfuta, tana amsa tambayar ɗan jinya, wayar wod na ƙara ta ɗaga da kafaɗa, to wanne zaki rubuta? Dole tun kafin a fara ku zauna ku yanke rukunin ayyukan, kamar goma haka, kar su wuce yanda mai kallo zai iya riƙewa a ka, ku kuma yanke yanda za a rubuta in abu biyu suka haɗu a lokaci ɗaya. Sannan in masu kallon biyu ne, ki sa su bi mutum ɗaya tare na awa ɗaya ko biyu ba tare da sun leƙa takardar juna ba, ki kwatanta. In ɗaya ya rubuta minti 20 na rubutu ɗayan ya rubuta 35, matsalar tana wajen rukunin da kuka tsara, ku koma ku gyara kafin ku ɓata sati uku kuna tara lissafin da ba zai tsaya ba. Akwai manhajar da Johanna Westbrook da mutanenta suka ƙirƙira a Ostareliya don wannan aikin, sunanta WOMBAT, ana danna ta a waya ko tablet, tana kama wane aiki, da wa, da me, a ina. In baki samu ba takarda da agogon waya sun wadatar, ni da su na fara.

Ki tabbata kin ƙirga katsewa, wato duk lokacin da aka janye mutum daga abin da yake yi bai gama ba. Mutane na raina wannan. Ita Westbrook ɗin a wani bincike na 2010 a asibitoci biyu a Sidni ta bi nas 98 suna rabon magani, ta ga kowace katsewa ɗaya tana tafe da ƙarin kusan kashi 12 zuwa 13 cikin 100 na kuskure. Kinga sistem zai iya rage miki minti biyar a rabon magani amma ya ninka yawan tashi-zauna, ki bar gado ki je kwamfuta ki dawo, ki sake komawa don ta fitar da ke sai kin sake sa kalmar sirri. A agogo an samu sauƙi, a kan mara lafiya kuma haɗari ne ya ƙaru.

Kuma don Allah kar duk kallon ya zama na safiyar Talata. Ki raba shi, safe da yamma da dare, ranar aiki da ƙarshen mako, tsofaffin hannu da sababbi. Dutin dare duniya ce daban, ma'aikata kaɗan, mai gyaran kwamfuta ya tafi gida. Za a ce miki ai mutane na canza hali in sun san ana kallonsu, gaskiya ne, har suna aka ba abin daga wata masana'anta mai suna Hawthorne kusa da Shikago. A abin da na gani, a wod mai cunkoso wannan kame-kamen ba ya wuce rabin awar farko, da aiki ya taso an manta da kai, don haka nakan zubar da awon ranar farko kawai. In kuma babu mutanen da za su bi mutum tsawon duti, akwai mai sauƙi: duk minti goma ko sha biyar mai kallo ya zagaya wod ya rubuta abin da kowa ke yi a daidai wannan lokacin. Ba zai ba ki tsawon kowane aiki ba amma in an tara da yawa zai ba ki kason lokacin da kowane aiki ke ci.

Bari in ba ki wani abu da na gani da idona, don shi ya koya min kar in yarda da kwamfuta ita kaɗai. A wani wod da na yi awo, rahoton sistem ya nuna wata nas tana shigar da awon zafin jiki da bugun jini na mutum goma sha huɗu cikin minti tara, har ana yabonta a taro wai ita ce ta fi kowa iya sistem. Da na bi ta sai na ga ta manna filasta doguwa a bayan hannunta na hagu, duk gadon da ta je ta rubuta lambar gadon da awon a kai da biro, ƙanana-ƙanana, don kwamfuta biyu ce a wod ɗin kuma likitoci sun zauna a kai tun da aka gama zagaye. Sai wajen ƙarfe biyu ta samu kujera, ta zazzage abin da ke hannunta gaba ɗaya, ta ɓare filastar ta jefa kwandon shara. Awon da aka yi ƙarfe goma ya shiga da tambarin ƙarfe biyu, likitan da ya duba allo ƙarfe sha biyu bai ga komai ba. Ita ba ta yi laifi ba, hanyar da ta samu kenan. Amma da ban tsaya a bayanta ba da na rubuta cewa sistem ya sa awo ya koma minti tara.

Wannan ya kawo mu hanya ta biyu, wato sawun da kowa ke bari a cikin sistem. Duk manhajar asibiti ta kirki tana ajiye rajistar wa ya shiga, ƙarfe nawa, fayil ɗin wa ya buɗe, me ya danna. Asali don tsaro aka yi ta, don a kama mai leƙen fayil ɗin da ba nasa ba, daga baya masu bincike suka ga ai ana iya awon lokaci da ita. Amfaninta shi ne tana kama kowa da kowa, dare da rana, har aikin da ake yi daga gida wanda mai bi da agogo ba zai taɓa gani ba. Da ita aka auna likitocin iyali 142 a jihar Wisconsin a binciken da ya fito 2017, aka ga a ranar aiki mai awa 11.4 kusan awa 6 suna cikin sistem, minti 86 daga ciki bayan an tashi aiki ne. Wani kuma a 2020 ya tattaro na likitoci kusan 155,000 masu amfani da manhajar Cerner, ya fitar da minti 16 da daƙiƙa 14 kan kowane mara lafiya, kuma kashi ɗaya cikin uku na wannan lokacin karanta fayil ne, ba rubutu ba. Ki lura da wannan, kowa na kukan rubutu amma neman abu a cikin fayil shi ma yana cin lokaci sosai, shi ne kuma ba a cika aunawa ba.

Sai dai rajistar nan danna kawai take gani. Likita ya buɗe fayil ya juya yana magana da mara lafiya minti shida, tana iya ƙirga shi aikin kwamfuta. Wani ya zauna yana karanta sakamakon gwaji yana tunani bai taɓa komai ba, tana iya cewa ba ya aiki. Kowane kamfani na da nasa ƙa'idar daƙiƙa nawa za a yi shiru kafin a daina ƙirgawa, shi ya sa ba a ɗaukar lissafin Epic, manhajar asibiti ta wani kamfanin daban, a jera shi da na Cerner kai tsaye a ce wannan ya fi wancan. Ki tambayi masu kula da sistem ɗinku ƙa'idar da nasu ke bi, ki rubuta ta a rahoton. Babbar matsala kuma da kowa ya sani amma ba a faɗa a taro ita ce shiga da sunan wani. Mutum ɗaya ya buɗe da safe, biyar su yi aiki a kai har yamma don fita da sake shiga na cin lokaci, sai rajista ta nuna wata nas ta yi aikin mutum biyar wasu huɗu ba su yi komai ba. Maganin shi ne ki ɗauki awannin da kika bi mutum da ido ki ɗora su kan rajistar wannan mutumin na wannan lokacin. In sun yi kusa, kin samu lasisin amfani da rajistar ga sauran. In sun yi hannun riga, ki yarda da idonki, gani ya kori ji.

Yanzu matsalar da na san tana damunki ko da baki faɗa ba: babu wanda ya auna komai lokacin folda, to da me za a kwatanta? Kar ki tambayi mutane minti nawa suke yi da, ƙwaƙwalwa ba ta riƙe irin wannan, wanda ya tsani sistem zai ce da minti biyu ne, mai sonsa zai ce awa guda. In akwai wod ko reshen da har yanzu yake kan takarda, ki auna shi tare da naku, ki faɗi bambancin da ke tsakaninsu a fili. Tsofaffin folda ma suna da lokuta a ciki, ƙarfe nawa aka rubuta magani, ƙarfe nawa aka bayar, duk da an san rubutun hannu na son ƙarfe cif-cif. In duk babu, ki rubuta gaskiya cewa wannan awon shi ne mafari, duk gyaran da za a yi nan gaba da shi za a gwada. Wata bakwai ba laifi, don makonnin farko kowa na lalube ne, awon lokacin koyo yake nunawa ba sistem ba. Ki kuma duba ko yawan marasa lafiya ko yawan ma'aikata ya canza a tsakani, in an rage nas biyu a watan da aka kawo kwamfuta kar a ɗora mata laifin da ba nata ba.

Wajen lissafi, matsakaici na ɓoye abubuwa. In mutum tara na gama rubutu a minti goma, ɗaya na yin awa ɗaya da rabi, matsakaicin zai ce 18, alhali babu wanda ke yin 18. Ki ba da na tsakiya, wato wanda ya faɗo a tsakiyar layi in an jera su daga mafi gajarta zuwa mafi tsawo, ki kuma nuna mafi tsawo. Ki raba na likita daban, na nas daban, na famasi da na masu kati daban, a nan ne ƙaurar da na faɗa miki ke fitowa.

Lokaci kuma ba shi kenan ba. A 2005 aka buga abin da ya faru a wani asibitin yara a Pittsburgh bayan sun koma rubuta magani ta kwamfuta cikin kwana shida: mutuwar yaran da ake kawowa daga wasu asibitoci cikin mawuyacin hali ta tashi daga kashi 2.8 zuwa 6.57 cikin 100. An yi ta gardama kan ko sistem ne sanadi, don kwatancen da-da-yanzu ne kawai, amma abin da marubutan suka bayyana na canjin aiki shi ne darasin. Da, tun yaro na hanya ake rubuta magunguna a shirya, sabon tsarin ya hana sai ya iso an yi masa rajista. An kwashe magungunan gaggawa daga wod zuwa famasi. Likita ɗaya ya koma zaman kwamfuta maimakon bakin gado, maganar baki da baki tsakaninsa da nas ta ragu. Asibitin yara na Seattle ya sa manhajar kamfani ɗaya da na Pittsburgh daga baya, da shiri na daban, bai ga ƙaruwar mutuwa ba. Don haka a rahotonki ki sa jerin abin da ake yi kafin wane, da wa ke magana da wa, ko da babu minti a jikinsu.

Ki ƙirga dabarun kewaye ma, irin filastar nan. Ross Koppel da abokansa sun bi tsarin ɗaukar lambar hannun mara lafiya da sikana kafin ba da magani, a 2008 suka lissafo hanyoyi 15 da ake kewaye shi, har da manna kwafin lambar a jikin keken kwamfuta ko bakin ƙofa don a ɗauka ba sai an je gado ba. Kowace dabara irin wannan yatsa ce tana nuna miki inda tsarin bai dace da aikin ba. Haka gargaɗin da ke faɗowa a allo, wani nazari na 2006 da ya tattaro bincike da yawa ya ga ana danne gargaɗin magani a wuce tsakanin kashi 49 zuwa 96 cikin 100. Wannan lissafin yana da sauƙin cirowa daga sistem, ki nemi guda goma da suka fi faɗowa da sau nawa ake bin kowanne.

Tambayar mutane ita ce hanya ta uku, kuma shawarata kar ki ƙirƙiri takardar tambayoyinki, ki ɗauki wadda aka riga aka gwada. SUS tambaya goma ce kan sauƙin amfani, makinta daga 0 zuwa 100, 68 ake ɗauka tsaka-tsaki, likitocin Amurka sun ba manhajojinsu 45.9 a wani bincike da aka buga 2020. NASA-TLX kuma nauyin aiki take aunawa ta fuska shida, har da gajiyar ƙwaƙwalwa da takaici, ana cikewa da an gama aikin. Bayan su ki zauna da mutum biyar ko shida ɗaya-ɗaya a gaban kwamfutar, kar ki ce yaya kike ganin sistem, ki ce nuna min yanda kike yi. Kina ƙirga dannawa, kina kallon inda ta tsaya ta yi tsaki.

A nan zaki gano wani abu, da yawa daga abin da ake zagin manhaja a kai ba ita ta kawo shi ba. An kwatanta rubutun likitocin Amurka da na wasu ƙasashe masu amfani da Epic ɗin dai, aka ga na Amurka ya kai kusan ninki huɗu a tsawo, saboda dokokin biyan kuɗi da na bin ƙa'ida. Duk gurbin da aka ce dole sai an cike kafin a wuce, ki tambaya wa ya ce a sa shi kuma wa ke karanta shi. Zaki sha mamakin guraben da ba mai karantawa, wani kwamiti ne ya nema tuntuni aka manta. Waɗannan gyaransu na kwana ɗaya ne, ba sai an kira kamfani ba.

Sai maganar amana, wadda in ta lalace duk sauran sun lalace. Ki samu izini a rubuce, ki faɗa wa ma'aikata tsarin ake aunawa ba su ba, kuma ki cika alkawarin: babu suna a rahoto, babu abin da zai sa a gane wace ce mai filasta, in nas ɗaya ce a dutin daren Laraba kar ki rubuta daren Laraba. In shugaba ya ce ki ba shi jerin masu jinkiri, ki ƙi, don ranar da aka hukunta mutum ɗaya da awonki ba wanda zai sake yin aikinsa na gaskiya a gabanki. Mara lafiya ma a gaya masa ko ke wace ce, in bai yarda ba ki tsaya a waje, kuma kar bayanansa su shiga takardarki.

Ki ajiye ƙaramin littafi kusa da kowace kwamfuta na sati biyu, duk wanda ya zo ya tarar da wani a kai, ko natwok ya ɗauke, ko allo ya tsaya yana juyawa, ya ja layi ɗaya ya sa lokaci. Rajistar sistem ba ta ganin jira, don mai jira bai shiga ba balle ya bar sawu. A wod ɗin mai filastar nan, layukan da aka ja a littafin ne suka sa aka ƙaro kwamfuta biyu masu taya, da na koma bayan wata uku na sake bin ta, tana shigar da awon a bakin gado.